Babi na Bakwai: Ranar da Magayi Ya Yi Shiru

Kawuna ya shekara goma sha ɗaya da ciwon suga kafin ranar da na ga jini a takalminsa. La'asar ce, ya zauna a dakalin ƙofar gida zai yi alwala, ni kuma na kawo masa buta. Da ya zare takalmin dama sai na hango wani baƙin tabo a ciki, daidai inda tushen babban yatsa ke zama. Na ɗauka na zura hannu, sai na ji abu ya soke ni. Ƙusa ce 'yar ƙarama, irin wadda masu gyaran takalmi ke bugawa, ta huda ta fito ta ciki. Tun hantsi yake yawo a kanta: ya je kasuwa, ya je gaisuwar rasuwa, ya dawo gida a ƙasa.

Na ce, "Kawu, ba ku ji komai ba?"

Ya ɗago ƙafar ya duba, kamar ƙafar wani aka nuna masa. Ya ce, "Wallahi ɗana ban ji ba. Ai ƙafar nan ta yi sauƙi. Zugin da ke hana ni barci, na fi wata huɗu rabona da shi."

Wannan magana tasa ta fi ƙusar tayar mini da hankali. Hausawa na cewa jiki magayi, kuma gaskiya ne: ka taka ƙaya, kafin ka yi tunani ƙafa ta ɗaga kanta. Ciwon suga kuwa, idan ya daɗe a jiki, magayin yake bi ya rufe masa baki. Mutum ya ji zugi ya tafi ya yi hamdala, alhali jijiyar da ke kawo labarin ce ta ƙarasa mutuwa. Masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin masu ciwon suga za su gamu da wannan lalacewa a rayuwarsu, kuma da yawa cikinsu ba za su ji ciwon komai ba har sai gyambo ya buɗe.

Dole mu tsaya a kan kalmar jijiya, domin a Hausa abu uku muke kira da ita. Akwai jijiyar jini, wadda ake nema idan za a ɗaura ruwa. Akwai ta agara, mai tauri, wadda ke haɗa tsoka da ƙashi. Sai ta uku, wadda wannan babi ya shafa: farin zare siriri da ya taso daga laka ya bazu ko'ina a jiki, yana kai saƙo yana kawowa, kamar wayar lantarki a gida. Ita zan riƙa kira jijiyar saƙo. Wasu na kai labarin zafi da sanyi da taɓawa zuwa ƙwaƙwalwa, wasu na kawo umarni ga tsoka, wasu kuma na tafiyar da ayyukan da ba ma sa musu hannu, irin su bugun zuciya da narkar da abinci da gumi.

Suga mai yawa a jini na cin wannan zare ta fuska fiye da ɗaya. Jijiyar saƙo ba ta jiran insulin kafin suga ya shige ta, saboda haka idan ya yi yawa a jini, a cikinta ma yawa yake yi. Sai jiki ya juya rarar zuwa wani sinadari da ake kira sobitol, wanda ke taruwa yana dagula aikin ƙwayoyin jijiyar. Sugan kuma yana manne wa sinadaran gina jiki, ya sa su yi tauri su daina aiki yadda ya kamata. A gefe guda, ƙananan hanyoyin jini da ke ciyar da jijiyar, waɗanda sun fi gashi siranta, suna kauri suna tsukewa. Jijiya na shan guba daga ciki, ana kuma rage mata abinci daga waje. Hawan jini da yawan kitse a jini da ƙiba da shan taba duk ƙara wa wutar itace suke yi.

Abin da ya sa ƙafa ce ke fara ji a jikinta shi ne tsawo. Zaren da ya taso daga ƙugu zuwa babban yatsa ya kai kimanin mita guda, babu wanda ya fi shi nisa a jiki, kuma ƙarshen layi shi ke fara rasa wuta. Shi ya sa abin ke farawa daga yatsu, a ƙafa biyu lokaci guda, ya riƙa hawa a hankali kamar ana ja wa mutum safa. Idan ya kusa gwiwa sai yatsun hannu su ma su fara.

Masu ciwon ba sa cewa "jijiyata ta lalace". Cewa suke tafin ƙafa na ƙuna kamar an zuba barkono, ko kamar ana tsira musu allura, ko kiyashi na yawo a ƙarƙashin fata. Wani ya ce fizga yake ji kamar ya taɓa minjirya. Wata tsohuwa ta ce mini ko zanen rufa ya taɓa mata yatsu sai ta yi ƙara, don haka a waje take barin ƙafafunta ko da sanyin hunturu. Da dare abin ya fi tsanani. Wasu kuma babu ciwo sam, sai dai su ce kamar a kan auduga suke tafiya, ko silifas ya zame ya faɗi a hanya ba su sani ba. A wajenmu irin wannan koke sau da yawa sanyi ake ɗora wa, ko amosani, ko a ce mutum ya taka wani abu da aka binne masa. Ana cikin neman maganin sanyi shekara biyu ta wuce ba a auna suga ba. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da ciwon a Afirka kudu da Sahara, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba. Ga mutane da yawa, ƙunar ƙafa ce sallamar farko da ciwon ke yi.

Wanda ya fi kowa fahimtar da duniya haɗarin ƙafar da ba ta ji, ba likitan suga ba ne. Paul Brand likitan fiɗa ne ɗan Ingila da ya yi aiki da masu kuturta a Vellore, kudancin Indiya, tun daga ƙarshen shekarun 1940. A lokacin kowa ya ɗauka cutar ce da kanta ke cinye yatsu. Brand ya zuba ido ya ga ba haka ba ne. Cutar na kashe jijiyar saƙo, sauran ɓarnar kuma rayuwar yau da kullum ce ke yin ta: mutum ya riƙe tukunya mai zafi bai sani ba, ya yi tafiya a kan rauni har ya kai ƙashi, ɓera ya ci masa yatsa yana barci bai farka ba. Da ya koma Carville a jihar Luwiziyana ta Amurka a 1966, sai ya ga ƙafafun masu ciwon suga na bin wannan hanya sak, ya kuma ɗauko dabarun da ya koya a Indiya ya yi musu aiki da su. Mu da muka san kuturta a garuruwanmu, wannan darasi bai kamata ya yi mana nisa ba. Ko maganar ɓera ba ta tsaya a Indiya ba: likitoci a Darussalam ta Tanzaniya sun rubuta yadda ɓeraye ke cizon yatsun masu ciwon suga cikin dare.

Gano matsalar ba ya buƙatar na'ura mai tsada. A asibiti ana amfani da wani siririn zaren roba da ke lanƙwashewa idan ya danna da nauyin giram 10. A taɓa wurare a tafin ƙafa, mutum idonsa a rufe, ya faɗi inda ya ji. Akwai kuma ƙarfe mai baki biyu da ake kaɗawa a ɗora a babban yatsa a ga ko mutum na jin karkarwarsa. Inda babu ko ɗaya, likitoci a asibitin Ipswich da ke Ingila sun fito da hanyar da ko a tsakar gida za a yi ta, suka wallafa ta a 2011: mai ciwon ya rufe ido, wani ya ɗora ɗan yatsansa a hankali, ba dannawa ba shafawa, a kan bakin yatsa na ɗaya da na uku da na biyar a kowace ƙafa, na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Yatsu shida ke nan. Idan bai ji biyu ko fiye ba, ƙafar ta rasa mai gadinta. Mai ciwon suga nau'i na biyu ya kamata a duba masa tun ranar da aka gano ciwon, domin sau da yawa ya daɗe da shi bai sani ba. Mai nau'i na ɗaya kuma bayan shekara biyar. Daga nan sai kowace shekara. Ni a ganina duk mai ciwon suga da ya shiga ɗakin likita ya cire takalminsa tun kafin a ce ya cire. Layi na da tsawo, likita na sauri, amma ƙafar da aka ajiye a gabansa ba zai ƙi kallo ba.

Gaskiyar da ba ta da daɗin faɗa ita ce jijiyar da ta mutu da wuya ta dawo. Abin da ke hannunmu shi ne tsare wadda ta rage. A 1993 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada kan mutum 1,441 masu nau'i na ɗaya, aka bi su kimanin shekara shida da rabi. Waɗanda aka matsa wa sugansu ya zauna kusa da daidai, lalacewar jijiya ta ragu a cikinsu da kashi 60 cikin 100. A nau'i na biyu, wanda shi ne na yawancin mutanenmu, ribar saukar da suga kaɗai ba ta kai haka ba, sai an haɗa da kula da hawan jini da kitse da nauyin jiki, da motsa jiki, da barin taba. Awon HbA1c, wanda ke nuna yadda suga ya kasance cikin wata biyu zuwa uku, shi ne ma'aunin da ya fi faɗin gaskiya. Ga yawancin manya ana son ya zauna ƙasa da kashi 7. Sai dai a sauko da shi da sannu. Wanda sugansa ya daɗe a sama, idan aka faɗo da shi cikin 'yan makonni, wani lokaci jijiyoyin kan ɗauki zugi mai tsanani saboda saurin canjin.

Kuma ba kowace ƙunar ƙafa ce ta suga ba, ko a jikin mai suga. Metfomin, maganin da kusan kowa ke farawa da shi, idan aka shekara da shekaru ana sha yana iya rage bitamin B12, rashinsa kuma na lalata jijiya; wannan kuwa ana gyara shi, don haka ya cancanci a auna. Giya na yin irin wannan ɓarna. Aisoniyazid da ke cikin maganin tarin fuka ma haka, shi ya sa ake haɗa shi da bitamin B6. Ciwon ƙoda da na maƙoƙo da kuturta duk suna cikin lissafi. Idan ƙafa ɗaya ce kawai, ko abin ya zo farat ɗaya, ko raunin tsoka ya fi rashin ji yawa, to a nemi wani dalilin.

Zugin kansa yana da magani, amma ba irin wanda aka saba saye a kemis ba. Farasitamol da ibufurofen da diklofenak ba su cika taɓa ciwon jijiya ba, na biyun da na ukun kuma suna cutar da ƙodar da suga ya riga ya raunana. Magungunan da ke aiki asalinsu na wasu cututtuka ne. Amitiriftilin da duloksetin an yi su ne don ciwon damuwa, firegabalin da gabafentin kuma don farfaɗiya. Dukkansu suna rage hayaniyar da jijiya mai rauni ke aikawa. Na faɗi wannan ne domin na san wanda ya karanta takardar cikin kwali ya ga an ambaci farfaɗiya, ya ajiye maganin yana cewa likita bai gane ciwonsa ba. A 2022 wani bincike da Farfesa Solomon Tesfaye na Sheffield ya jagoranta ya gwada amitiriftilin da duloksetin da firegabalin, ya samu cewa kusan daidai suke a aiki, kuma idan ɗaya bai isa ba, haɗa biyu na ƙara sauƙi. Wannan labari ne mai daɗi ga talaka, domin amitiriftilin shi ne mafi araha. Amma yana sa barci da bushewar baki, yana iya riƙe fitsari, kuma ba a cika ba tsofaffi da masu ciwon zuciya shi ba. Firegabalin da gabafentin na sa jiri da kumburin ƙafa, kuma sai an rage su ga mai ciwon ƙoda. Ana farawa da kaɗan, a ƙara a hankali, a jira makonni kafin a yanke hukunci. Idan zugi ya ragu da rabi, mutum ya samu barci, likitoci na ɗaukar hakan nasara ce. Akwai kuma man shafawa da ake yi da sinadarin da ke sa barkono yaji, wanda ke gajiyar da bakin jijiya. An auna shi ne a masana'anta, ba dakakken barkono ake shafawa ba.

Tiramol kuwa, wanda ake samu a teburin mai shayi a wasu garuruwanmu, ina roƙon mai karatu ya nisance shi a kan wannan ciwo. Ciwo ne na shekaru, kuma magani mai kama jiki ba abokin tafiyar shekaru ba ne. Firegabalin ma yana kama wasu, har Ingila ta sa shi cikin magungunan da doka ta tsaurara a 2019. A sha shi da takardar likita, kada kuma a yanke shi rana ɗaya.

Duk wannan bai kai kula da ƙafa muhimmanci ba, domin yawancin ƙafafun da ake yankewa saboda suga da ɗan rauni suka fara. A nan ne rayuwarmu ke da tarkuna nata na musamman. Da hunturu dattijo kan miƙe ƙafa gaban kaskon wuta har fata ta tashi bai ji ba. Ƙafa ta yi nauyi sai a ce a gasa ta da ruwan zafi. Da bazara a tafi masallacin Juma'a, sahu ya kai kan kwalta, a cire takalmi a tsaya a kan shimfiɗar da rana ta gasa. Alhazai masu suga da takalminsu ya ɓace a ƙofar Harami suka taka ƙasa da tsakar rana, da yawa sun ƙare a asibiti da tafin ƙafa a saluɓe. Jakar zuba takalmi ta fi tsaraba amfani ga irin wannan mahajjaci. Ga salansar babur. Ga mai yankan farce da ke yawo da almakashi da reza, yana kankare kanta har ya taɓo nama. Ga wanzami da tsaga ko ƙaho a ƙafar da jini ba ya isa sosai. Jijiyar da ke sa gumi ita ma ta mutu, don haka fata na bushewa, faso ya buɗe a dunduniya ya zama ƙofar ƙwayoyin cuta.

Aikin da jijiya ta bari, ido da hannu ne za su ɗauka. A duba ƙafa kullum, sama da ƙasa da tsakanin yatsu, da madubi ko da idon wani idan nasa ya yi rauni. Alwala sau biyar dama ce babba a nan, in dai za a kalli ƙafar da gaske, a kuma tsane tsakanin yatsu bayan an gama. A shafa mai a dunduniya da tafi, ban da tsakanin yatsu. Ruwan wanka a gwada shi da gwiwar hannu. Takalmi ya zama rufaffe mai faɗin baki, a saya da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a zazzage shi a shafa cikinsa da hannu kafin a sa. Ba tafiya ba takalmi ko daga ɗaki zuwa banɗaki. Mata masu suga su san cewa lalle na ɓoye ja da baƙin da ke nuna rauni ya fara.

Idan rauni ya fito, komai ƙanƙantarsa, ba a kwana da shi ana jiran gani. Akwai maganar da ta yi mana illa ƙwarai, wai irin wannan gyambo daji ne, daji kuma ba ya son allura, sai a rufe shi da garin magani a ɗaure. Mako uku sai wari ya tashi, a je asibiti lokacin da ƙashi ya ruɓe, a yanke, sai kuma a ce ga shi asibiti yanka kawai suka iya. Gyambon suga na warkewa idan an zo da wuri: a kankare mataccen nama, a ba da maganin ƙwayoyin cuta idan sun shiga, a duba ko jini na isa, sannan a ɗauke wa wurin nauyi. Wannan na ƙarshe shi ne mafi wuya, domin ciwon da ba ya zafi da wuya mutum ya yarda ya zauna dominsa. Shi ya sa Brand ya yaɗa dabarar ɗaure ƙafar cikin filasta mai bin surarta, yadda nauyi zai bazu kuma mai ita ba zai iya cirewa ba. Haka nan ƙafar da ta kumbura ta yi ja ta yi ɗumi ba tare da rauni ba, ba ta mai ɗori ba ce: wataƙila ƙasusuwan ciki ne ke rugujewa, abin da likitoci ke kira ƙafar Charcot, da sunan likitan Faransa da ya bayyana irinta a 1868. Duk takun da aka yi a kanta ƙara rushe ta yake.

Jijiyoyin cikin jiki ma ba su tsira ba, ko da yake kunya kan hana a faɗa. Raunin mazakuta da ake ta sha wa maganin basir, sau da yawa daga nan yake. Haka jiri idan an miƙe tsaye, da cikin da ke cika da loma kaɗan, da gudawar dare, da fitsarin da ba ya fita duka. Biyu sun fi haɗari: suga ya faɗi ƙasa ba tare da rawar jiki da gumin da ke gargaɗi ba, da bugun zuciya da ke zuwa ba ciwon ƙirji, sai dai haki da gajiya da zufa. Duk waɗannan akwai abin da likita zai iya yi a kansu idan an gaya masa.

Raunin Kawu ya ɗauki mako bakwai kafin ya rufe, kuma rabin faɗan da muka yi da shi a kan zama wuri ɗaya ne. Yanzu bayan sallar isha'i autarsa kan zo da fitilar waya ta zauna a gabansa. Ta buɗa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta haska dunduniya, ta zura hannu cikin takalman da zai sa gobe. Ran Juma'a kuma takan ce, "Baba, ku rufe ido," ta taɓa yatsu shida. Biyu yake ji, ƙananan na gefe, kuma shekara uku ke nan lissafin bai ragu ba.